Kilomita Biyar da Ɗigo Shida

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Lambar ta fito. Biyar da ɗigo shida.

Na zauna ina kallonta a laftof har shayina ya huce. Fiye da shekara ina bin gidajen manoma daga garinmu Kakau zuwa ƙauyukan da ke bayansa, wasu su ba ni ruwa, wasu su kore ni don sun ɗauka gwamnati ce ta aiko ni, duk saboda wannan 'yar lamba. Tambayar kundina na digiri na biyu guda ɗaya ce: daga titin Abuja, nisan nawa manomi zai iya shiga ciki ya yi noma kafin haɗarin mutanen daji ya hau kansa? Ban yarda a hankali haɗarin ke ƙaruwa ba. Na yi imani akwai wurin da yake tsalle. Aikin lissafin ke nan: kwamfuta ta gwada kowane nisa ɗaya bayan ɗaya, ta raba gonaki kashi biyu, na kusa da na nesa, har ta sami inda rabon ya fi fita sarai. Dakta Ebenezer, malamin da ke duba aikina, tireshol yake ce masa. Ni layi nake ce masa.

Ƙasa da biyar da ɗigo shida, gidaje kaɗan ne suka ce an taɓa su. Sama da haka kuwa, Allah ya kiyaye.

Gonar Baba tana huɗu da ɗigo uku. Na duba, na sake dubawa. Tun da aka rufe masaƙa a Kakuri ya koma noma, kuma tun da abin nan ya fara, ban taɓa ganin kiran Mama da rana tsaka gabana bai faɗi ba. Yau na ci abinci har na ƙara. Gobe bayan sujada a coci zan nuna masa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Baba ya ɗaga ni a gaban jama'a, ko kuma ya jefa ni, ban san wanne ba tukuna.

Da na nuna masa zanen makon jiya, ya sa tabarau, ya riƙe laftof ɗin da hannu biyu kamar kwanon miya mai zafi, bai ce komai ba sai "To." Ashe ajiyewa ya yi. Yau bayan sujada ƙungiyar manoman coci ta zauna a gindin mangwaro, ana gardama ko za a koma gonakin ciki bana. Ina gefe ina ɓare gyaɗa sai na ji sunana. "Kwamfutar Larai ta ce har kilomita biyar da rabi ba komai." Ba haka na faɗa masa ba. Na ce masa aikin bai ƙare ba, na ce lissafi ne na jimla ba na mutum ɗaya ba. Amma da kowa ya juyo yana kallona, gaskiya na ji daɗi. A nan kaɗai zan rubuta haka.

Bayan an watse Mama Celina ta kama hannuna. Ita ta goya ni lokacin da Mama ta yi doguwar jinya, kuma har yau idan ta gan ni sai ta duba kitsona ta ce bai yi ba. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da jikoki uku. Gonarta na bayan ta Baba, rafi ne tsakani, ta bar ta ciyawa ta cinye saboda tsoro.

"Ɗiyata, tawa fa?"

Na buɗe taswira a waya. Huɗu da ɗigo takwas. Na ce mata tana ciki. Ni na faɗa, da bakina, ba Baba ba.

Talata, 4 ga Yuni

Mama ta bugo. Mama Celina ta shuka masara, duk gonar, har bakin rafi.

Alhamis, 20 ga Yuni

Yanzu na dawo daga ofishin Dakta.

Na kai wa Dakta babi na huɗu. Ya karanta yana gyaɗa kai, har na fara tunanin irin rigar da zan sa ranar kare kundi. Sai ya ajiye biro ya ce, "Larai, who chose the distance? Wa ya zaɓi nisan?"

Na ce ban gane ba, sa.

Ya ce na ɗauki nisa kamar ruwan sama, wai yana faɗo wa mutum ne kawai. Alhali manomi ne ke zaɓar inda zai noma. Mai tsoro ya riga ya gudo kusa da titi. Wanda ya rage a ciki, akwai dalilin da ya sa ya rage, kuma dalilin ba ya cikin tambayoyina. Idan wannan dalilin ne kuma ke kare shi, to gonakin ciki za su fito a lissafi kamar lafiya lau ne, alhali ba wurin ne ke da lafiya ba, mutanen da suka rage ne ke da wani abu. Layina zai tafi nesa fiye da inda ya kamata ya tsaya. Ya rubuta kalmar a gefen takarda da jan biro, endojinos, ya ja mata layi.

Na tambaye shi nesa da nawa.

"Ki gyara ki gani. Ba abin tashin hankali ba ne, kowane ɗalibi sai ya faɗa wannan ramin."

Ban faɗa masa an riga an shuka masara a kan babi na huɗu ba. A keke mai ƙafa uku, muna hawa gadar kogi za mu tsallako kudancin gari, sai da na ce wa direba ya tsaya, na sauka na tsuguna a gefen titi.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na karanta wannan abin a aji. Na ci jarrabawarsa ma. A farashi da kasuwa na san shi, shi ya sa da ya zo ta hanyar gona ban gane shi ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Gyaran yana buƙatar wani abu da ke tura mutum noma nesa amma ba shi da alaƙa da ɓoyayyen dalilin nan. Na yi kwanaki ina juya tambayoyina, sai na tuna da gonar gado. Inda kakan mutum ya sare daji tun ba a san mutanen daji ba. Kaka bai zaɓi wurin don tsoron abin da bai zo ba tukuna. Tambayar tana cikin takarduna, kuma Dakta ne ya tilasta mini saka ta a lokacin, ina gunaguni.

Don haka yanzu hawa biyu ne. Na farko, in yi hasashen nisan da kowa ke nomawa daga inda gonar gadonsa take. Abin da hasashen ya kasa bayyanawa, wato ragowar, nan ɓoyayyen dalilin yake zaune. Na biyu, in saka ragowar nan cikin lissafi a kowane gefen layi, sannan kwamfuta ta sake neman layin daga farko.

Kamazou, unguwar da nake zaune, babu wuta tun makon jiya. Na koma shagon magani na yayata Vicky a Makera, tana da sola. Ina zaune bayan kanta tsakanin katan-katan na maganin tari, masu saye suna leƙo ni. Vicky ta ce, "Abeg ki ci wani abu, fuskarki ta koma ta mai taifot." Ba ta san komai ba. Ta ɗauka tsoron Dakta nake yi.

Litinin, 29 ga Yuli

Biyu da ɗigo tara.

Duka gonakin biyu suna waje.

Na yi abin da na san bai kamata ba. Na cire gidajen da suka yi dabam, na sake gudu. Na saka shekarun manomi cikin lissafi, na saka yawan 'ya'ya maza, na cire, na mayar. Roƙon lissafi nake yi, na sani. Ya matsa zuwa uku da ɗigo ɗaya, ya dawo biyu da ɗigo takwas. Ko sau ɗaya bai taka huɗu ba.

Na ɗauki waya zan kira Baba, na ajiye. Me zan ce? In ce masa wadda ya yi alfahari da ita a gindin mangwaro ta manta darasin aji ɗaya?

Lahadi, 4 ga Agusta

Ban je Kakau ba. Na ce wa Mama ciwon kai ne. A cocin nan Kamazou na yi sujada, a bencin baya, ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Na faɗa wa Baba.

Na same shi a tsakar gida yana gyaran injin feshi. Na shirya jawabi tun daga mota, amma da na zauna sai kawai na ce lambar nan ba daidai ba ce, layin yana kusa da uku, gonarsa na waje. Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya tsorata. Baba fa mutum ne da ba ya barin Mama ta kunna gas sai ya zo ya shaƙa ya ji ko yana yoyo. Sai ya ci gaba da ɗaura robarsa ya ce, "Ni dai kada ki damu da ni."

Na ce ta yaya ba zan damu ba.

"Na ce kada ki damu."

Da na ce Mama Celina fa, hannunsa ya tsaya. Daga baya ya ce in je in faɗa mata, tunda ni na faɗa mata na farko. Natsuwarsa ta fi ba ni tsoro fiye da faɗan da na zo ina jira.

Lahadi, 18 ga Agusta

Na je. Tana dama kunu, jikokin na zagaye da tukunya. Na tsuguna na gaishe ta, na ce Mama, kuskure na yi, gonarki ba ta cikin inda na ce.

Ta saurare ni har ƙarshe, tana juya muciya. Sannan ta yi dariya, ba ta mugunta ba.

"Ɗiyata, da a Mayu kika zo. Yanzu masara ta yi goyo, wa zan bar wa? Kuma babanki na shiga tun kafin kwamfutarki ta yi magana, ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Rafi ne kawai tsakaninmu."

Na buɗe baki in yi mata bayani. Cewa don Baba ya tsira ba ya nufin wurin ne ke da lafiya, watakila akwai wani abu tare da Baba da ba ya tare da ita. Amma wane abu? Ban sani ba. Kuskuren da na yi da laftof shi ta yi da idonta, kuma nata ya fi nawa kama da hankali. Ta zuba mini kunu a kofi, ta duba kaina ta ce wa ya yi mini wannan kitson.

Da safe take shiga, ita kaɗai, wani lokaci da babbar jikar. Na roƙe ta ko yarinyar ta riƙa bari a gida. Wannan kaɗai ta yarda.

Alhamis, 5 ga Satumba

Dakta ya ce kafin in rubuta sabuwar lambar, sai na gwada ko akwai layi ma tun asali. Kwamfuta ai ko babu layi sai ta nemo wanda ya fi kama da shi ta miƙo, don abin da aka aike ta ke nan. Gwajin shi ne ta ƙera duniyoyin ƙarya guda dubu daga bayanaina, waɗanda aka tabbatar babu layi a cikinsu, ta nemi layi a kowace. Idan na ƙarya suna yawan fitar da layi mai ƙarfi irin nawa, to nawa ma ba abin dogaro ba ne.

Yini guda ya ci. Da rana hadari ya rufe, batirin Vicky ya mutu ana tsaka da aiki, sai da na sake daga farko.

Kusan ɗaya cikin huɗu na duniyoyin ƙarya sun fitar da layi mai ƙarfin nawa. Wato ba zan iya rantsewa akwai layi ba. Ba biyar da ɗigo shida ba, watakila ba biyu da ɗigo tara ba ma. Watakila haɗarin na hawa ne sannu tun daga bakin kwalta, babu inda mutum zai tsaya ya ce daga nan zuwa gida lafiya.

Da lambar ta faɗo zuwa biyu da ɗigo tara na tsorata, amma aƙalla akwai inda zan nuna da yatsa. Yau ko wannan babu. Na fito daga shago na tsaya ina kallon masu gasa masara a bakin titi, ina tunanin daga wace gona kowace ta fito.

Asabar, 21 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Muna tsintar wake ni da Mama a bayan gida. Ina ta surutu, don in na yi shiru tunani ke cin raina. Na ce mata abu ɗaya ne lissafin ya tabbatar mini: ragowar nan tana da ƙarfi sosai. Akwai abin da ke kare waɗanda suka rage a ciki. Ko suna da 'yan'uwa cikin 'yan banga, ko bindigar toka, ko addu'arsu ce ta fi ta saura, ni dai ban sani ba.

Mama ba ta ɗaga kai daga faifai ba ta ce, "Buhu ne."

Na ce wane buhu.

Ta faɗa a hankali, tana tsinta. Idan kaka ta yi, kafin a kawo ko ƙwaya ɗaya gida, ana ɗinke buhu guda a kai gindin wata tsamiya bayan karyayyen kwalbati, a ajiye a juyo. A bakin buhun ana ɗinke ƙyallen atamfa. Irin ƙyallen kuma yana ɗaure a bishiya a bakin gonar mai shi, don mutanen daji su san ta wa ce. Na Baba shuɗi ne, ragowar turmin da aka ba su ranar da aka sallame su daga masaƙa. Ba shi kaɗai ba ne. Kowa na yi wa kowa kamar bai sani ba.

"Kada ki bari ya san ni na faɗa."

Baba shi ne mutum na farko da na yi wa tambayoyi a binciken nan, don in gwada ko suna tafiya daidai. Na tambaye shi ko an taɓa tare shi a gona. Ya ce a'a. Gaskiya ya faɗa. Ni ce ban tambayi me ya sa ba. Na kuma ga ƙyallen da idona a hoton da na ɗauka na gonarsa, na ɗauka don korar tsuntsaye ne.

Mama Celina ba ta da ƙyalle.

Litinin, 23 ga Satumba

Masarar Baba ce ke ciyar da mutanen da suka mayar da rabin cocinmu 'yan gudun gona. Da ita suke samun ƙarfin hawa babur su tare wasu. Ko me zai faru, ba zan taɓa sa hannuna a wannan abin ba. Na rubuta don in tuna.

Laraba, 9 ga Oktoba

Sun tare Matthew, mai buga ganga a coci, jiya da hantsi a gonarsa. Sara a kafaɗa. Ya yi gudu cikin dawa ya tsira, yana asibiti. Ban iya hana kaina ba, na buɗe taswira. Uku da rabi.

Yana gindin mangwaro ranar. Na tuna har da rigar da ya sa. Vicky ta ce dama can bai taɓa daina zuwa gonar ba, ba ruwana. Ban tambayi kowa don in tabbatar ba, kuma ba zan tambaya ba.

Na sa wayata a kan shiru, sai na ji hakan ya fi muni, na mayar. Duk ƙarar da ta yi, sunan Mama Celina nake ji kafin in duba. Masararta ta fara bushewa. Girbi ne lokacinsu, kowa ya sani.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na tare Baba. Ban ambaci Mama ba, na ce hoton ne ya nuna mini. Bai musa ba. Ya tashi ya rufe ƙofar ɗaki, abin da ban taɓa ganin ya yi da rana ba.

Na tambaye shi, tunda ya san ba nisa ne ke kare shi ba, me ya sa ya miƙe a gaban mutane ya faɗi lambata? Ya ce mutane sun fara tambaya me ya sa shi kaɗai ba a taɓa shi. Har wani ya faɗa a gabansa cikin wasa. "Lambarki ta rufe musu baki. Ban yi zaton Celina za ta bi ba." Na zo da fushi cike da baki, sai na ga tsoho ne kawai a bakin gado, ya fi ni tsoro.

Na ce to ya faɗa mata gaskiya, ta zaɓa da kanta. Ya ce in Celina ta ji yau, kafin Lahadi zumuntar matan coci ta ji, kafin Litinin matasa sun ji. Ya tuna mini da mutumin can da aka ce yana kai musu burodi, yadda aka yi da gidansa. Kuma Celina ba za ta bayar ba ko an ɗora mata wuƙa, ita da take tsine musu a addu'ar safe.

Na ce shi ya bayar a madadinta.

Ya ce kowace gona da buhunta. Bana taki bai ishe shi ba, abin da zai zo gida da ƙyar zai kai su damina. "Sai dai naki." Yana nufin buhun da yake kawo mini Kamazou kowace kaka, wanda nake tuwo da kunu da shi har shekara ta zagayo. Bai roƙe ni ba. Ya faɗa ne kawai yana kallon taga.

Na ce ba da ni ba. Na buɗe ƙofar na fita.

Talata, 22 ga Oktoba

Dakta ya yaba. Ya ce sabon babin ya fi tsohon nesa ba kusa ba, wai ɗalibin da zai iya rubuta cewa bai sami layi ba ya fi goma da suka ƙirƙiro shi. Har ya ce a mujalla ma za a iya bugawa. Ya tambaye ni ko ina da hasashen mene ne ɓoyayyen dalilin, tunda na san mutanen.

Na ce ban sani ba, sa.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Mama ta ce Mama Celina za ta fara karya masara jibi. Na kasa cin komai sai ruwan shayi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na je gona. Na ce wa kaina zan je ne in auna nisan da waya, don in tabbatar taswira ba ta yi ƙarya ba.

Na hau bayan babur ɗin Baba, waya a hannu, ina kallon lamba na hawa. Da muka kai biyu da ɗigo tara na ɗaga kai. Babu komai a wurin, ciyawa ce da suri da wani tsohon takalmin roba. Muka wuce. Daga nan na riƙe rigar Baba kamar yadda nake yi ina 'yar firamare. Kowane kututture mutum ne a tsugune.

Ya riga ya casa kashin farko ya tara a bukka. Ya cika buhu ɗaya, ya ciro shuɗin ƙyallen daga aljihu. Ya yi ta ƙoƙarin zura zare a basilla, idonsa ba ya gani. Na karɓa na zura masa. Daga nan ban mayar masa ba. Na ɗinke na farko. Na jawo wani buhun da babu komai na riƙe masa baki, ya kalle ni, ya fara zubawa.

Buhun da zai kawo mini Kamazou ke nan. Ya ce ƙyallen Mama Celina sai an yi masa ƙulli biyu, don su bambance.

Shi ya ɗaure buhunan a babur ya tafi tsamiya. Ni na tsallake rafi, ruwan iya gwiwa. Mama Celina na can tsakiyar gona tana karya masara tana waƙar zumunta, ita kaɗai, muryarta na tafiya har cikin daji. Na so in ce mata ta rage murya. Na nufi ɗorawar da ke bakin gonarta na ɗaure ƙyallen a reshen da za a gani daga nesa.

"Wannan fa na mene ne, ɗiyata?"

Na ce don birai ne, Mama.

"Shi ma kwamfuta ce ta ce?" Ta yi dariya har sai da ta dafa kwandonta.

Na taya ta karya ina sauraron hanya. Na ji ƙarar babur daga can gefen da ba na Baba ba, ta tsaya, ta sake tashi ta yi nisa. Ban ga kowa ba. Na zauna a kan kara na ce mata jiri ne. Da Baba ya dawo babur babu kaya, bai dube ni ba, ya ce mu tafi rana ta yi.

Ban auna nisan ba. A mota na tuna.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Masarar Mama Celina ta iso gida, duka. Lafiya lau.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Godiyar kaka a coci. Doya da kabewa da dawa sun cika gaban bagadi, har da wani zakara da ya ƙi yin shiru lokacin addu'a. Matthew na zaune kusa da gangarsa hannu a rataye, wani ke bugawa.

Mama Celina ta fito da kwandon masara a ka, tana rawa, jikokin na bayanta. Ta karɓi makirfo ta gode wa Ubangiji. Sannan ta nemo ni da ido. Ta ce a gode wa ɗiyarmu Larai, wadda ta ce mata kada ta ji tsoro, daga baya ita da kanta tsoro ya kama ta ta zo tana janye magana, amma ga shi lissafinta na farko shi ne gaskiya. Aka yi tafi. Wata ta yi guɗa. Baba na kallon siminti. Fasto ya ce a ce amin, na ce amin.

A babi na biyar na rubuta cewa akwai wani dalili da binciken bai iya lura da shi ba, ana buƙatar ƙarin nazari. Dakta bai gyara ko waƙafi a jimlar ba. Ɗalibin da zai yi ƙarin nazarin zai zo Kakau da takardunsa, ya zauna a tsakar gidan Mama Celina ya sha kunu. Nisa, huɗu da ɗigo takwas. An taɓa tare ki? A'a. Layinsa zai ɗan matsa ciki, kuma ba zai san me ya matsar da shi ba.

Da za mu rabu ta cusa mini masara a leda, ta ce ta ji bana babana bai kawo mini ba, wai rowa ta kama shi da tsufa. Ta ce baɗi har wake za ta zuba a can gefen da ya rage.

Ragowar shuɗin ƙyallen na cikin jakata tun ranar. Na ciro shi ɗazu da niyyar jefarwa. Na auna shi da hannu, zai isa gona biyu. Na ninke na sa a ƙasan akwati.